Haƙoran da Sunka Kwana a Zauren Mai Unguwa

Da wannan wata na azumin tsofaffi maigidana ya cika shekara tara a ƙasa. Sunansa ban kira ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Yelwa dai Malam Mai Haƙora suke ce masa, waɗansu da girmamawa, waɗansu da wata irin murya da kunnena bai taɓa kuskurenta ba. Ni karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, don haka masu ilmi su yi mini afuwa in na karkace. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina ɗaka zan gaya maka wanda ya wuce bayan katanga daga jan takalminsa kawai.

Ba cikar shekarun kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Ranar kasuwar da ta wuce 'yar ƙanwata ta dawo da labari, wai wani saurayi ya kafa tebur kusa da tashar mota, ya zana ƙaton baki a allo, ya baje haƙoran roba a faranti kamar mai tallar gyaɗa. Mutane na tsaye suna gwadawa ana shewa. Na ce, "A fili?" Ta ce, "A fili, Inna, har da madubi." Garin nan ne fa, wannan Yelwar, inda anka kusa tashinmu daga gidanmu saboda haƙora huɗu a cikin tukunya.

Maigidana a wani asibiti ya yi aiki can Sakkwato, a ɗakin da ake yin haƙoran roba. Da shara ya fara, ya koma wankin kaya, har mai aikin ya ga hannunsa ba ya rawa ya soma koya masa. Da Innarsa ta tsufa sai ya ajiye aikin munka dawo gida. Lokacin ruwan Kainji ya daɗe da shanye tsofaffin fadamu, gari ya cika da baƙin masunta da 'yan jirgi. Ya ɗauki ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar baya ya jera kayansa. Ba su da yawa: gwangwanin wani gari mai launin dasashi, kwalba mai duhu da ruwa a ciki mai warin da ke hawa kai, haƙora jere a kati, da farin garin da yake zuba kwatancin bakin mutum da shi. Sai tukunyarsa mai murfi.

Abu biyu nasa sun ɗaure mini kai tun farko, don kamar suna ƙaryata juna. Kwalbar nan ba ya yarda ta cika. In sabon ruwa ya zo sai ya raba shi biyu, ya bar sarari a sama, ya ajiye a inuwa gindin randa, lokaci lokaci ya buɗe murfin ya mayar. Amma in ya kwaɓa ruwan da garin ya gyara haƙora, sai ya yi maza ya lulluɓe da leda, ya nutsa a ruwan ɗumi, ya danne murfi kamar mai ɓoye nama daga mage. Na ce masa wata rana, "Wai kai son iska kake ko gudunta?"

Yadda ya ba ni amsa na riƙe har yau. Ya ce ruwan nan ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani, kowanne zaman kansa yake. A cikin garin akwai abin da ke tada su. Da ya taɓa guda sai ya miƙa hannu ya kama na kusa da shi, wannan ma ya miƙa ya kama na gaba, kamar mata masu ƙetare mashigi lokacin da ruwa ya ja baya. Haka za su yi ta sarƙewa har ruwa ya koma abu mai tauri. To amma a cikin iskar nan da muke shaƙa akwai wani kashi, oksijin ake ce masa, wanda ya fi su saurin cafke hannun da anka miƙo. Shi kuwa in ya kama, ba ya miƙa wa na gaba. Layi ya yanke ke nan. Shi ya sa a kwalba ake bar masa wuri, ya yi gadi kada ruwan ya sarƙe kafin ranar aiki. A kan aiki kuma dole a kore shi, in ba haka ba saman ba ya nuna, ya yi ta danƙo, ya ƙone wa mutum dasashi, ya tara dauɗa. Na ce, "Ashe mai gadi ne a can, ɓarawo a nan." Ya ce, "Halinsa guda ne. Wurin ne ya bambanta."

Matasan yanzu ba za su gane kunyar da ke cikin wannan abu a wancan lokaci ba. Haƙorin Makka ado ne, ana washe baki don a gani. Amma a ce dattijo da haƙorin roba yake tauna, kamar an ce ya ƙare ne, sauransa aro. Don haka masu zuwa wurinsa ba ta zaure suke shigowa ba. Bayan azahar, sa'ad da rana ta kora kowa ɗaka, za ka ji an taɓa ƙofar baya a hankali, mutum ya shigo da rawani ko gyale a baki. Daga Shanga ake zuwa, daga ƙauyukan Ngaski, daga tsibirai. Bai taɓa gaya mini sunan ko guda ba, ni ma ban tambaya ba. Ina buƙatar tambaya? Jin tarin mutum ya ishe ni in gane shi.

Ranar da abin ya faru kananzir ɗin rishonsa ne ya ƙare, sai ya kawo tukunyar ya aza a gefen murhuna don ruwan kada ya huce. Na shiga ɗaka ɗauko daddawa. Ina ciki na ji sallamar Asabe maƙwabciyata, wai ta zo ɗiban wuta. Sai na ji ƙarar murfi, sai salati, sai gudu. Ko garwashin ba ta ɗauka ba. Abin da ta gani haƙora huɗu ne na sama, da jan dasashinsu, kwance a ruwa mai tururi. Na yarda abin tsoro ne ga wanda bai saba ba. Amma ina tambayar matan da ke karanta wannan: wace mace ke buɗe tukunyar wata? Kuma ni iya sanina wuta a ƙarƙashin tukunya take, ba a cikinta ba.

Cikin makon nan ne kuma anka tsamo gawar wani masunci da jirginsa ya kife wajen Ngaski, anka kawo shi nan don danginsa na nan. Masu wanka sunka ga babu haƙoransa na gaba. Huɗu ne su ma. Ban san bakin da ya fara haɗa huɗun can da huɗun nan ba, ina dai da wanda nake zato. Kafin a yi haka magana ta gama unguwa, wai Malam Mai Haƙora da aljanun ruwa yake aiki, wai shi ya sa ba ya rabo da tukunya a rufe. Matan da ke aiko sayen ƙuli-ƙulina sunka daina. Gaisuwa ta koma ta saman katanga. A masallaci, in ya tsaya a sahu, sai a sami wanda tari ya kama ya koma baya.

Mai unguwa ya aiko kiransa, ya ce ya taho da tukunyar da abin da ke ciki, don tun da magana ta tashi mai haƙoran bai zo karɓa ba. Ni kuma na yafa mayafi na bi ta ƙofar mata. Uwargidan mai unguwa ƙawata ce, ta shimfiɗa mini tabarma jikin bangon zaure, ta ba ni shinkafa a faifai in yi kamar tsinta nake.

Maigidana ya ɗauka in ya nuna musu da ido magana ta ƙare. Ya kwaɓa ɗan garin a gabansu, ya shafa rabi a faranti ya bari a sarari, rabi ya rufe da leda ya nutsa a ruwa. Anka zauna ana jira. Da ya fito da na ruwan, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara kamar ƙashi. Na sararin kuwa duk wanda ya taɓa samansa sai ya manne masa a yatsa. Na ji daɗi a bayan bango, na ce shi ke nan. Ashe ya ƙara wa kansa ne.

Baba Ɗan'iro, wani dillalin busasshen kifi, shi ya fara. "To, jama'a, kun dai gani da idonku. Ni tun da anka haife ni, duk abin da na sani na halal sarari ka busar da shi. Kifi sarari, albasa sarari, tubali sarari. Abin da ba ya ƙwari sai an ɓoye shi cikin ruwa an rufe, mi za mu ce da shi?"

Na ji zaure ya ɗauki "haka ne, haka ne." Ba kuma duka miyagu ba ne. Mutane ne da sunka tashi a kan shanya, rayuwarsu duka a rana take bushewa, ga wani abu yana yi musu akasi.

Maigidana ya ce, "Roba ce, Baba. Ka ɗauka ka ciza."

"Allah ya tsari bakina. In roba ta, mai ita shina da rai ke nan. Wa na?"

Na san halin maigidana, na san suna ba zai fito daga bakinsa ba. Mai unguwa ya lallashe shi, ya ce suna guda kawai, ko a kunne ya raɗa masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba bakina ba ne, ba ni ne zan buɗe shi ba." Sai mai unguwa ya ɗaure haƙoran a ƙyalle ya sa a alkukin zaure. Ya ce in mai su ya fito kafin a watse daga sallar Juma'a, magana ta mutu. In bai fito ba, don zaman lafiya, mu nemi wata unguwar. Gidan da anka haifi maigidana ke nan, ga Innarsa kwance a ciki ba ta ko iya tashi.

Ni kuwa na san mai su. Malam Ummaru ne, ladanin masallacin unguwarmu. Na faɗi sunansa ne don shi da kansa ya riƙa ba da labarin nan har ya koma ga Allah. Na san bugun sandarsa a ƙofar baya. Kuma tun ranar da tukunyar ta hau murhuna ba a sake jin muryarsa ba, wai zazzaɓi, ƙanensa ke kiran salla da wata 'yar murya kamar ana jan ƙofar langa-langa. Shi ma yana zauren a ranar, can lungu, rawani har hanci, bai ce uffan ba.

Da munka dawo gida na ce wa maigidana, "Na san ko na wane ne."

Ya ce, "Ban ji ki ba."

"Na ce na sani."

"Abin da kunnenki ya ɗauko, ki bar shi inda ya shiga."

Na haƙura, don ina da lissafina. Ladan ba ya zama ɗaka har abada. Bakinsa na alkukin mai unguwa, ba shi da wani, dole ƙarshe larura ta kai shi inda kunya ta hana. A kan wannan na jingina zuciyata. Sai ana gobe jajibirin Juma'a, ina tsaye ina tace ƙullu, la'asar ta yi, na ji murya ta tashi daga masallaci, cikakkiya, garau, kowane harafi a mazauninsa. Malam Ummaru. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Na nufi ɗakin ƙofar baya, na tarar da farin zubin nan a fashe kan tabarma, tukunya na ɗiga, ruwan kwalba ya ragu. Sababbi ya yi masa, da tsohon kwatancin bakin da ya ajiye.

A zamanmu ban taɓa ɗaga masa murya kamar ranar ba. Na ce, "Ka mayar masa da bakinsa ka toshe namu! Yanzu mi zai kai shi zaure?"

Yana wanke hannu ya ce, "Unguwa ba ladan. Kin ji kiran ƙanen nan, ko kaza ba ya tasarwa."

"Wasa ma kake? Inna fa? A ka za mu ɗauke ta?"

Sai ya daina murmushi. Ya ce, "Mutum ba kifi ba ne da zan kama shi ta baki. In zai zo, ya zo da ƙafarsa."

Na soma ɗaure kwanoni, ina tunanin danginsa na Shanga, ko za su ba mu ɗaki kafin damina.

Ranar Juma'a na koma gindin bangon nan, wannan karo ko faifan ban karɓa ba. Zaure ya cika, har waɗanda ba 'yan unguwa ba. Mai unguwa ya sauko da ƙyallen ya tambaya ko da mai shi. Ba wanda ya fito. Ya sake tambaya. Na ji Baba Ɗan'iro ya gyara murya zai yi magana. Sai na ji sanda, bugun da na sani, tana tahowa daga lungu.

"A miƙo mini kayana."

Daga nan wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an cire murfin ƙaramin kwano. Muryar da ta biyo baya ba ta ladan ba ce, ta wani tsoho ce mai yoyon iska ta gaba. "Ga na bakina, ga na ƙyalle. Ku gwada su. Ɗan'iro, matso, kai da ka san na halal. Mai rai ne ko na ruwa?" An ce ya jera su a tafin hannunsa, ba ka bambanta su. Ba wanda ya yi dariya sai da ya ƙara da cewa, "Kada ka yi nisa da ƙofar bayan Malam, na ga naka na ƙasa sun fara sallama." Nan zaure ya fashe. Ni kuka nake, uwargidan mai unguwa na toshe mini baki da mayafi.

Ba mu tashi ba. A ɗakinta Inna ta cika, a gidan nan nake rubutun nan. Amma kada mai karatu ya ɗauka zuciyata ta wanke kowa. Malam Ummaru ya yi abin da mazaje kaɗan za su yi, ya fito lokacin da ba abin da ya tilasta shi, Allah ya saka masa. Sai dai har yau ina tambayar kaina me ya zaunar da shi a lungu ranar farko yana jin ana yanka mutum. Asabe ta rantse tsautsayi ne. Daga baya na ji wanta ya daɗe yana son gida a kan hanyar bakin ruwa don ajiyar kaya, irin namu. Ban ce ba, ban kuma fasa zato ba. Matar masuncin nan da ta zo gari ta ce hannun injin jirgi ne ya zubar wa mijinta haƙora tun shekarun baya. Wannan maganar ba wanda ya ɗauke ta ya kai gaba, a ƙofar farko ta mutu. Kuma akwai gidajen da har gobe ba sa sayen ƙuli-ƙulina.

Damina biyu bayan haka ciwon ƙirji ya ɗauke maigidana. Waɗansu sun ce warin ruwan nan ne, waɗansu sun faɗi abin da ya fi haka, a hankali, suna zaton ba na ji. Wurin ta'aziyya na ga fuskokin da ban taɓa gani ba, amma da sun taka tsakar gida sai in gane tafiyar. Mun gaisa kamar baƙi.

Ina tunanin abin da zai ce da teburin tashar mota. Ba na jin zai yi haushin an daina kunya, wataƙila ma ya ce an huta. Na san dai tambayarsa ta farko: yaron yana rufe aikinsa kuwa? Don an ce a sarari yake shafa abinsa ya bar shi ya sha iska, ya tura wa mutum a baki da danƙonsa, kuma na fara jin masu kukan dasashi. Mutanenmu kuwa sun fi natsuwa da shi, tun da a fili yake yi, a rana, yadda sunka saba. Cikin masu tsayawa gaban madubin nan har da waɗanda tari ke kamawa a sahu. Abin da na tabbata zai dame shi shi ne yadda magana ke gudu yanzu. Ga lasifika, ga kaset, ga motoci na tashi Sakkwato da Kontagora kullum. A faɗi abu da hantsi a bakin ruwa, kafin azahar ya kai Birnin Yauri ya dawo da 'ya'ya. Kowa hannunsa a miƙe yake, a ba shi ya ba na gaba.

Bayan na fita takaba na ɗauki kwalbarsa da sauran ruwan, na toshe bakin da kakin zuma don kada jikoki su buɗe, na naɗe a tsumma na sa a ƙasan akwati. Ban ƙara buɗewa ba sai bara. Na tarar ruwan ya zama dutse, garau kamar ƙanƙara, a karkace yadda kwalbar ta kwanta. Mai gadin da ke ciki ya ƙare, ba a ba shi sabo ba, sai sunka kama hannun juna. Tana nan gindin randa inda ya saba ajiye ta.

Bai bar gona ba, bai bar almajiran sana'a ba, kayan aikin ma tsatsa ta ci. Abin da ya bari yana cikin kaina: tari da tafiya da bugun ƙofa na mutane masu yawa, waɗansu manya ne ƙwarai a ƙasar nan. Duk unguwa ta san ni da surutu, labarin cefane ma ba ya kwana a cikina. Amma wannan guda ya zo hannuna ya tsaya. Shekaranjiya Asabe ta shigo, mun tsufa yanzu, muna gaisawa. Ta zauna bakin murhu tana ba ni labarin mai tebur, can sai ta sassauta murya ta ce, "Ke, yanzu ai abin ya zama ba komai ba. Wai da gaske ne har Hajiyar gidan sama tana zuwa ƙofar bayanku?"

Na ce, "Ban ji ki ba." Na jawo murfi na rufe tukunyata.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa bayinsa a nan.